An ce jaririyata tana da cutar PKU, yaya za mu yi da abinci a gida?

Wata uwa daga Ingila:
Assalamu alaikum. Kwana 5 da haihuwa aka ɗebi jini daga dunduniyar 'yata, daga baya aka kira mu asibiti aka ce tana da PKU, wato jikinta ba ya iya sarrafa fenilalanin, wani sinadari da ke cikin furotin. Ni da maigidana auren zumunci muka yi, amma surukata ta soma cewa daga wajena abin ya fito. Don Allah waɗanda suka san wannan lalura su gaya mini yadda zaman gida yake kasancewa.

Ma'aikaciyar jinya:
Wa alaikumus salam, 'yar'uwa, Allah ya raya. Ba a gadon PKU sai ƙwayar halittar ta fito daga uwa da uba baki ɗaya, don haka babu dalilin ɗora miki laifi, kuma a kowane ciki yiwuwar ɗaya ce cikin huɗu. Tun 1934 likitan Norway Asbjørn Følling ya gano cutar a jikin wasu yara biyu 'yan gida ɗaya da ƙwaƙwalwarsu ta riga ta taɓu. Illar tana zuwa ne idan sinadarin ya taru a jini, shi ya sa yaron da aka soma tsare abincinsa tun makonnin farko yake tasowa da basirarsa. Kada ki yaye ta da kanki. Akan haɗa nonon uwa da madara ta musamman bisa awon likitan abinci.

Mahaifiyar yaro mai shekara 9:
Baiwar Allah, ba zan ɓoye miki ba, akwai aiki. Nama, kifi, ƙwai, wake, gyaɗa da nono duk ɗana ba ya ci, ke nan babu ƙosai, babu alale, babu fura da nono. Shinkafa da dankali sai na ɗora a sikeli, rogo da ayaba da yawancin kayan miya ne sauƙinmu. Madararsa ta musamman sau uku yake sha kullum, kuma ɗanɗanonta ya sa mun sha rigima kafin ya saba. Lemon da aka zaƙaƙa da aspartame, wani sinadarin zaƙi mai ɗauke da fenilalanin, shi ma haramiyarsa ne, sai na karanta jikin kwalba. Abin da ya fi ba ni wahala shi ne taron biki da suna, inda wata za ta miƙa masa tsoka don tausayi, tana ganin rowa nake yi. Ki zaunar da surukarki gaban likita tun yanzu, ta ji da kunnenta.

Wani uba:
Idan za ku je gida hutu, ku ɗauki madarar da za ta ishe ku har ku dawo, tare da takardar likita saboda filin jirgi. Ku kuma tambaya ko maganin sapropterin zai yi mata aiki, domin wasu kaɗai yake taimaka wa. Kasancewarta mace, ku riƙa nuna mata tana tasowa cewa dole a daidaita jininta kafin ta ɗauki ciki, saboda yawan sinadarin yana cutar da ɗan tayi.