Me za mu kira "water skiing" da Hausa?

Jama'a, ina son in yi rubutu a kan Regina Jaquess, Ba'amurkiyar da ta daɗe tana riƙe da kambun bajinta na duniya a wannan wasa, kuma mai harhaɗa magunguna ce a sana'arta. Na tsaya cak tun a jimlar farko, don ban san sunan da zan ba wasan ba. Wanda ba a san sunan wasansa ba, ta yaya za a san shi?

Ga yadda yake: mutum ya ɗaura allo a ƙafa, ya riƙe igiya, jirgin ruwa mai inji ya ja shi a guje. Ralph Samuelson ne ya fara shi a 1922 a tafkin Pepin da ke jihar Minnesota.

Wani yayana ya ce in rubuta "gudun kan ruwa". Yaya, da girmanka, amma ai jirgin ne ke gudu. Shi mutumin jansa ake yi.

Wata malama ta kawo "zamiyar ruwa", tunda mun saba jin zamiyar ƙanƙara a rediyo. Malama, kin kusa. Sai dai masu hawan raƙumin ruwa a bakin teku su ma zamiya suke a kan ruwa, ba jirgi ba igiya. Gobe in muka zo kansu sai rigima.

Ni "zamiyar igiya" ta fi kwanta mini, domin duk sirrin gasar a igiyar yake. Gasar rukuni uku ce. A rukunin da ake kewaye ƙwallaye 6 masu iyo, tsawon igiyar da farko mita 18.25 ne, jirgi na gudun kilomita 58 a sa'a ga maza, 55 ga mata. Duk lokacin da ka kewaye shidan lafiya sai a rage igiyar. Tsakanin hanyar jirgin da kowace ƙwallo mita 11.5 ne, amma Nate Smith ya kafa tarihi a 2013 da igiya mai mita 9.75. Wato igiyar ma ba ta kai ƙwallon ba, da tsawon jikinsa ya cike giɓin, a kishingiɗe dab da ruwa. Mutum irin wannan a ce ba a san shi ba!

Wannan rukunin wani ya ce mu kira shi "kwana-kwana". Allah ya sawwaƙe, sai a ɗauka gobara ake kashewa. "Zilliya" ta fi. Na biyu "tsalle", ba gardama. Ryan Dodd ɗan Kanada ya yi mita 77.4 a 2017. Na uku, inda ake juyi da alkafura cikin daƙiƙa 20, na ce "gwaninta", kuma nan ne Patrice Martin na Faransa ya yi fice. Rashin sanin su bai rasa nasaba da Olamfik: sau ɗaya aka nuna wasan, a 1972, shi ma na gwaji.

Wani ƙanena ya dage sai "ja-ni-in-zame". Na yi dariya, kuma a bakin yara ina jin ita za ta ci. A rubutu dai zan sa zamiyar igiya, mai yi kuwa ɗan zamiyar igiya ko 'yar zamiyar igiya. Mutanen Yawuri da na Diffa, ku da kuke tare da ruwa, in akwai tsohuwar kalma a wajenku ku kawo kafin Juma'a.