Sarin buhun dawa da kuɗin niƙa, masu dafa burukutu ku zo mu yi lissafi

Maman Nanret, Tudun Wada: Sannunku da aiki 'yan uwa. Shekara 6 ina dafa burukutu kuma mudu mudu nake sayen dawa a kasuwar Katako ta Jos duk sati, yanzu maigida ya ce tunda kaka ta yi mu sari buhu 2 mu ajiye. Waɗanda suka taɓa yi don Allah ku gaya mani, akwai riba ko wahala ce kawai?

Ladi Bukuru: Akwai riba Maman Nanret amma ki yi lissafi da kyau. Ni Mangu nake zuwa ran Juma'a, a bakin kasuwa kam da sauƙi, to amma kuɗin motarki zuwa da dawowa, kuɗin buhun shi ma kamar fasinja ne, ga 'yan dako ga mai keke daga tasha zuwa gida, kafin ki ankara rabin sauƙin ya tafi. Shi ya sa mu huɗu muke haɗa kuɗi mutum ɗaya ta je ta sayo mana.

Anti Rifkatu: Ni dai abin da ya same ni bara har yau in na tuna raina ɓaci yake. Na sayi buhun jan dawa a ido tsaf, na jiƙa mudu 15 na shimfiɗa na rufe da buhu ina yayyafa ruwa safe da yamma, kwana 4 na ɗaga sai tsami da wari, in kin damƙo hannu guda da ƙyar ki ga ƙwaya goma da suka fito da saiwa. Ashe tsohuwar dawa ce ƙwari sun cinye cikinta aka gauraya da sabuwa aka zuba mai kyau a bakin buhu. Kuma dawar da ba ta yi tsiro ba ai ba ta ba da zaƙi, ba zaƙi kuwa ba abin da zai tashi. Aladu suka ci jarina wallahi. Yanzu ko ɗan uwana ne mai sayarwa sai na sa hannu har tsakiyar buhu, na sayi mudu ɗaya na gwada tsiro tukuna.

Maman Nanret: Kai sannu Anti, Allah ya mayar.

Baba Dung mai inji: Ku yi haƙuri in sa baki tunda kullum mu ake zagi. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuɗin niƙa bai zauna wuri ɗaya ba, in ba wuta dole mu ta da inji da mai, ga faranti yana cinyewa a kai wasawa. Amma mata ku ma ku taimaka, ku shanya tsiro ya bushe ƙarau kafin ku kawo. Mai danshi yana liƙe faranti, in niƙa sau biyu, sannan a ce na ƙara kuɗi.

Ladi Bukuru: Gaskiyarka Baba. Kuma in kika kai da yawa lokaci guda ana rage maki, sai dai kada ki niƙe duka ki ajiye, garin tsiro ba ya son danshi. Dawar ma ki ɗora kan katako, in da hali ki zuba a buhun PICS mai ledan nan biyu a ciki, ba sai kin sa magani ba.

Maman Biyu, Angwan Rukuba: Ni kunun zaki nake yi amma tsiron ɗaya ne. Ki tuna da sanyin Jos, a Disamba da Janairu tsiro yana jinkiri, wanda kika saba kwana 3 sai ya kai 5, ni a kicin nake shimfiɗawa kusa da murhu. Itace ma ki sa a lissafi tunda ku dahuwa biyu kuke yi.

Maman Nanret: Na gode sosai. Buhu ɗaya zan fara da shi in ga. Ladi in akwai wuri a cikinku ran Juma'ar nan ki sa da ni, amma a taho mani da mudu ɗaya in jiƙa tukuna.