Ɗan Fasto Ya Kangare: A Sauke Uban Ko A Bar Shi?

Dattijon ikilisiya: Salama gare ku 'yan'uwa. Ni maganata ɗaya ce: faston da ɗansa ya kangare, yana shaye-shaye gari duk ya sani, bai kamata ya ci gaba da hawa bagadi ba. 1 Timoti 3:4-5 ta ce mai kula da ikilisiya sai ya iya riƙe gidansa, in kuwa ya kasa, yaya zai yi da ikilisiyar Allah? Titus 1:6 ta ƙara da cewa kada a sami 'ya'yansa da zargin lalata ko kangara.

Malamin makarantar Lahadi: Baba, da girmamawa, ɗan wane shekaru? Manzo Bulus, wanda ya rubuta wa Timoti da Titus, yana maganar yaran da ke ƙarƙashin rufin uba, suna cin tuwonsa. Mai shekara 30 da ya yi aure a Kaduna fa? Ezekiyel 18:20 ta ce uba ba zai ɗauki alhakin laifin ɗa ba.

Dattijon ikilisiya: To firist Eli fa? 'Ya'yansa Hofni da Finehas ai manya ne, firistoci ma, amma hukunci ya faɗa wa gidan gaba ɗaya.

Rabaran mai ritaya: Ɗan'uwana, karanta 1 Sama'ila 3:13 a hankali. Laifin Eli shi ne ya sani bai hana su ba. Ya yi musu faɗa da baki, ya bar su a kan aiki suna cin naman hadaya. Ka duba annabi Sama'ila kuma a sura 8: 'ya'yansa Yowel da Abaija suna alƙalanci a Biyer-sheba suna karɓar rashawa, har dattawa suka ce a naɗa musu sarki. Amma ba inda Allah ya ƙi Sama'ila saboda su. Ni abin da zan tambayi fasto shi ne: me ka yi da ka ji? In ya rufe, ya bar yaron yana riƙe da kuɗin matasa, ya zama Eli. In ya hore shi kamar ɗan kowa, ban ga dalilin sauke shi ba.

Uwar zumuntar mata: Baba Rabaran, Allah ya ƙara lafiya. Ni abin da ke damuna, ayar nan ta riƙon gida kaɗai muka haddace. A jerin sharuɗɗan 1 Timoti 3 akwai karɓar baƙi, akwai iya koyarwa, akwai kada ya zama mafaɗaci ko mai son kuɗi. Na taɓa zama a wata ikilisiya da faston ke kiran baiko sau uku a sujada ɗaya, ba dattijon da ya ce uffan, don yaransa suna cikin mawaƙa.

Wani ɗan fasto: Mama kin taɓo wurin. Kafin na gama firamare an sauya wa babana wurin aiki sau uku. Safe jana'iza, rana asibiti, dare taron dattawa. Ku da kuke auna shi da mu, kun taɓa bar mana shi ko yini ɗaya a mako?

Dattijon ikilisiya: Ɗana, na ji, kuma ta shige ni. Amma ban janye duka ba. Wanda yaron ke gidansa yana kwana a mashaya, a ba shi hutu ya gyara gida tukuna.

Rabaran mai ritaya: Hutu da albashi, ko hutun yunwa? Ku fara amsa wannan. Kuma kafin a zauna a kansa, 1 Timoti 5:19 na neman shaidu biyu ko uku. Wa ya ga yaron da idonsa?