Wai da gaske ƙurar hazon nan tana kaiwa har Barazil?

Telan Kusuri:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambaya gare ni, kuma ina roƙon wanda ya san abin da gaske ya amsa, ba wanda ya tsinta a bakin kasuwa ba. Ƙurar hazon da ke rufe mu da hunturu, wai gaskiya ne daga arewacin Chadi take tasowa, ta ƙetare teku, ta je ta zama taki a dajin Amazon na Barazil? Ƙanena da ke karatu a jami'ar Marwa ne ya faɗa mini, har da rantsuwa. Ni dai abin da na sani, tun shigowar Disamba sai na kaɗe kan keke kafin in taka shi. Baƙin yadi in ka bar shi a buɗe zuwa azahar sai ya yi fari kamar an barbaɗa masa gari. Ka tsaya kan gadar Ngeli, gidajen Injamena ba ka hango su. Leɓe ya tsage, yara suna ta tari. To abin da ke sa mu mura shi ne abincin itatuwan wasu? A warware mini. Wanda kuma ya san wani abin al'ajabi na ƙasarmu ya ƙara, ina son abin da zan ba yaran shagona labari ina da tabbas a kansa.

Malamin lise, Injamena:
Wa alaikumus salam. Malam tela, ƙanenka yana da gaskiya, sai dai akwai ɗan gyara da zan kawo a ƙarshe.

Wurin sunansa Bodele, wani makeken kwari ne a hamada, arewa maso gabas da tafkin Chadi, ta wajen Faya. Babu inda ke fitar da ƙura a doron ƙasa kamarsa. Iskar arewa maso gabas tana biyowa tsakanin duwatsun Tibesti da na Enedi, ta matsu a tsakaninsu, ta fito da ƙarfi ta faɗa cikin kwarin nan. A shekara ana samun kwana wajen 100 tana ɗaga ƙura.

Ka ce yadinka fari yake yi, ba ja ba. Nan maganar take. Shekara wajen 7,000 da suka wuce, Bodele ƙasan ruwa ne. Tafkin Chadi na wancan zamani ya kai murabba'in kilomita 350,000, inda Injamena take yau ma ruwa ne. A cikinsa akwai wasu 'yan mitsi-mitsin halittu dangin gansakuka waɗanda ido ba ya gani, kowace da ɓawonta. Suna mutuwa suna kwanciya a ƙasa har suka yi tudu. Da ruwan ya ƙafe, sai ya bar farar ƙasa marar nauyi, wadda in ka murza da yatsa take narkewa. Ita iska ke kwasa. Wato abin da kake kaɗewa daga kan kekenka, wani ɓangarensa ɓawon halittun tsohon tafki ne, har da garin ƙashin kifayensa.

Amazon kuwa ruwan sama ya yi masa yawa, kullum yana wanke ƙasar yana tafiya da fosfaras, sinadarin nan da harafin P ke nufi a buhun takin NPK. A 2015 masana na hukumar NASA ta Amurka suka auna da tauraron ɗan'adam, suka ce ƙurar Sahara kusan tan miliyan 28 ke sauka a dajin kowace shekara, ɗauke da fosfaras wajen tan 22,000, kusan daidai da wanda ruwa ke wankewa.

Gyaran shi ne: an daɗe ana cewa rabin wannan ƙura daga Bodele take. Wani bincike na 2020 ya ce a'a, mafi yawan wadda ke isa can daga hamadar Muritaniya da Mali take, ta Bodele kuwa galibinta a hanya take zuba, a kanmu da Najeriya har bakin teku. Ni wannan bai rage mini komai ba. Tana isa can, kuma gonakinmu ma suna samun rabonsu.

Hajiya mai kifi, Bol:
Sannu da ƙoƙari Malam, Allah ya ƙara basira. Tela ɗana, ka ce a ƙara, to ga namu na bakin tafki. Ka san dihe? A Kanem, yankin da ke arewa maso gabas da tafkin Chadi, akwai ƙananan tafkuna masu kanwa, saman ruwansu sai ya yi kore shar. Matan Kanembu suna shiga da sassafe su yaɗo koren nan da kwano, su haƙa ɗan rami mai faɗi a yashi su zuba. Yashi ya tsotse ruwan, rana ta busar da shi, a ɓamɓare shi gutsure-gutsure a kai kasuwa. Da shi ake miyar tuwon gero, mai jego ma ana ba ta. Iyayenmu sun tashi sun tarar ana ci. Wannan dihen shi ne Turawa ke kira sifirulina, suna mai da shi ƙwayoyi a kwalba suna sayarwa da tsada a matsayin maganin ƙarin ƙarfi. Abin da ke ci mini rai, yaranmu da suka je birni sai su ce abincin ƙauye ne.

Sai shanun Kuri na Buduma, farare masu ƙaho kumburarre. Ƙahon da girma amma ba nauyi. Da idona na ga garke guda ya faɗa ruwa daga wannan tsibiri zuwa wancan, ba ka ganin komai sai hanci da ƙaho, makiyayin yana biye da su a kwalekwale.

Direban Garwa:
Malam, Allah ya gafarta, lissafin tan ɗinku na bar muku. Ni abin da ya fi ɗaure mini kai a Kamarun nan ruwa ne. Mu a arewa muna roƙon ruwa, amma a gindin Dutsen Kamaru akwai ƙauyen Debunsha da ke samun sama da milimita 10,000 a shekara. Mita goma ke nan! Kusuri da ƙyar take wuce 500. Tuta ɗaya, kuɗi ɗaya.

Kuma kada a manta da tafkin Nyos. Daren 21 ga Agusta 1986 wata iska ta fito daga ƙasan tafkin, ba wuta ba ambaliya. Ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, sai ta bi kwari ta kwanta kan ƙauyuka. Mutum 1,746 da dabbobi wajen 3,500 suka mutu, da yawa cikin barci. Akwai Fulani makiyaya a cikinsu. Allah ya jiƙan su. Tun 2001 aka kafa bututu a tsakiyar tafkin yana fitar da iskar a hankali.

Telan Kusuri:
Amin. Na gode ƙwarai, Hajiya Allah ya ƙara girma. Malam, maganar kanwa ta tayar mini da wata. Kogunan Shari da Logon suna haɗuwa a gabanmu su zuba a tafkin Chadi, ban taɓa jin kogin da ke fita daga cikinsa ba. Me ya hana ruwansa yin gishiri?

Malamin lise, Injamena:
Tambaya mai kyau, don yawancin tafkunan da ba su da mafita gishiri ne zalla, Tekun Gishiri na Urdun shi ne babban misali. Namu yana da mafita, sai dai ta ƙarƙashin ƙasa ce. Ruwa yana tsiyaya ta cikin yashi, yana jan gishirin ya tafi da shi wajen arewa da gabas. Can cikin kwarurrukan Kanem yake sake tasowa, rana ta ƙafar da shi, ya bar kanwa. Kanwar ungurnu da fatake ke kaiwa Barno da Kano tun zamanin da, daga wannan yankin yake fitowa, kuma ruwan kanwar nan ne dihen Hajiya yake so. Shari kuwa, wanda ke kawo kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan tafkin, kowace damina yana sake cika shi da ruwan daɗi daga Afirka ta Tsakiya.

Hajiya, in kin samu mai zuwa Injamena ki aiko mini da dihe ko ƙulli ɗaya ne, ina so in kai aji ɗalibaina su taɓa da hannunsu. Kuɗin mota a kaina.