Abin da 'yan kasuwa suka ce kan zuba jari a Kabi

A wata hira da 'yan kasuwa da manoma suka yi a Birnin Kabi, an fi daɗewa kan shinkafa. Shawarar akasarinsu ita ce mai jari ya sa kuɗinsa a sarrafawa, tunda fadamun Argungu da Suru suna ba da shinkafa damina da rani. Sun kawo misali da kamfanin casar shinkafa na Labana da kuma na WACOT, wanda aka buɗe a Argungu a 2017. Wani dattijo ya ja kunne cewa injin casa ba ya aiki sai da samfarera, wato shinkafar da ba a casa ba, don haka a fara ƙulla amana da manoma, a ba su iri da taki, kafin a kafa ginin. Ni ma nan na fi karkata.

Kan albasar Aliero kuwa, kukan kowa ɗaya ne: tana ruɓewa kafin farashi ya tashi. Wanda ya gina rumbun ajiya mai iska ba zai rasa masu haya ba. Haka kifin Yawuri, yana neman ɗakin sanyi.

Sun tuna cewa jihar tana iyaka da Nijar ta Kamba, da Benin ta ɓangaren Bagudo, ga filin jirgin sama a Birnin Kabi. Amma direbobi sun ce a lissafa lalacewar hanyar Yawuri zuwa Kontagora cikin kuɗin dako, kuma a tanadi sola saboda wutar lantarki ba ta tsayawa.