Rigar gwanjo mai lamba 26: wace ƙungiya ce Nordiques?

Mai Shayin Wunti

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah ina neman wanda zai raba mana wata gardama da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a teburina, yau kwana huɗu ke nan.

Ranar Lahadi na shiga kasuwar Muda Lawal neman rigar sanyi, don ni da an sallame asuba nake hura wuta, kuma hunturun bana kowa ya ji shi a jikinsa. Na tarar ana buɗe sabuwar dila, na tsinci wata shuɗiyar riga mai dogon hannu, ga kauri, ga faɗi kamar ta mutum biyu. Naira 4,500 na biya. A ƙirjinta akwai wani jan zane mai kama da harafin n, ko ka ce bukka, da sanda a jingine da shi. A kafaɗu da gindin rigar an jera fararen furanni masu kai uku. A baya lamba 26 ce, sunan da ke sama ya ɓaɓɓare, sai S da T a farko da Y a ƙarshe. A wuyanta an rubuta Nordiques.

Masu shan shayina sun rabu biyu. Wasu sun ce ta wata tsohuwar ƙungiyar ƙwallon ƙafa ce a Faransa, wasu sun ce rigar ma'aikatan kamfani ce kawai. Ni kuma na ce ɗan ƙwallon ƙafa ba zai iya gudu cikin wannan buhun ba. Wa ya san asalinta?

Ɗan Jekadafari

Wa alaikumus salam. Furen nan dai na Faransawa ne, akwai irinsa a tambarin PSG, ƙarƙashin hasumiyar. Amma sandar ce ta ɗaure min kai. Ko ta 'yan ƙwallon gora ce? Mu jira manya.

Baban Hanifa, Fadaman Mada

Wa alaikumus salam ɗana. Da na karanta bayaninka sai da na ajiye waya na yi shiru na ɗan lokaci, domin ka tuna min da wurin da na yi shekara huɗu na ƙuruciyata. Ɗan Jekadafari ya kusa. Rigar 'yan ƙwallon gora ce, amma irin wadda ake bugawa a kan ƙanƙara, wadda can suke kira hoki. Mutum shida-shida ne har da mai tsaron gida, suna sanye da takalmi mai ƙarfe kamar wuƙa a ƙasa, suna sulɓi suna kora wani ɗan faifan baƙar roba da sanda. Faɗin rigar kuwa saboda sulken da ake sawa a ciki ne, na kafaɗa da na gwiwar hannu, don wasa ne na bangaza.

Ƙungiyar ta birnin Kwibek ce a Kanada, inda kusan kowa Faransanci yake yi, shi ya sa ka ga furen, shi ne a tutar lardinsu. Sunan kuma, in ka juya shi da Hausa, 'Yan Arewa ke nan. Na je can karatun gandun daji a 1992, na dawo a 1996, shekarar da aka cire Gombe daga Bauchi. A kan idona ƙungiyar ta bar garin.

An kafa ta a 1972 a wata gasa da ake kira WHA, wadda ta taso don ta yi gogayya da NHL, babbar gasar hoki ta Amurka da Kanada. Sun ci kofin waccan gasa a 1977. Da gasar ta durƙushe a 1979 sai NHL ta ɗauki ƙungiyoyi huɗu daga cikinta, Nordiques na ciki.

Yanzu mai lambarka. Sunan da ya ɓare Stastny ne, Peter Stastny, kuma labarinsa ya fi na wasa. Ɗan ƙasar Cekoslobakiya ne, lokacin tana hannun 'yan gurguzu, ɗan wasa ba ya fita ya buga wa wata ƙasa don ya ga dama. A watan Agustan 1980 ƙungiyarsu ta je gasa a garin Innsbruck na Ostiriya. Daga nan shi da matarsa, tana da tsohon ciki, da ƙanensa Anton suka sulale. Shugabannin Nordiques suka taso takanas daga Kanada suka ɗauke su, aka bi ta Biyana aka tsallake da su. Yayansu Marian, mai mata da yara a gida, shi aka bari da fushin hukuma, aka hana shi wasa, sai a 1981 ya samu ya biyo su. 'Yan'uwa uku ciki ɗaya suka riƙa buga gaba tare a ƙungiya ɗaya. A kakarsa ta farko Peter ya tara maki 109, wato ƙwallayen da ya ci da waɗanda ya bayar aka ci, ya karɓi kyautar gwarzon sababbin 'yan wasa.

Ni ban riske shi a Kwibek ba, an yi musayarsa zuwa ƙungiyar New Jersey a 1990. Amma dattijon da nake haya a gidansa, tsohon direban bas, hoton Peter ne a maƙale a jikin firjinsa. Ba a yin sati bai ba ni labarin ƙwallon da Peter ya zura wa Montiriyal a ƙarin lokaci a 1985 ya fitar da su daga gasa ba. Gabar da ke tsakanin garuruwan nan biyu ba ƙarama ba ce. Lardi ɗaya, yare ɗaya, amma Montiriyal ce babban birni mai kuɗi da tarin kofuna, su kuma 'yan Kwibek suna ganin an raina su. A wani wasa na watan Afrilun 1984 sai da 'yan wasan ɓangarorin biyu kaf suka zubo fili suka dambace, aka tafi hutu aka dawo, aka sake kacamewa.

Mai Shayin Wunti

Allah ya saka da alheri Baba, ya ƙara girma. Na karanta wa mutanen teburina da ƙarfi, har wani ya ce zai ba ni 10,000 in bar masa, na ce a'a.

Amma Baba abu ɗaya ya tsaya min. Ka ce ta bar garin. Ƙungiya tana barin gari ne? Mu abin da muka sani, in Wikki ta yi rashin sa'a ta faɗi rukuni na biyu, nan za ta zauna a Bauchi, mu yi ta zuwa filin Tafawa Balewa har ta hauro. Ko 'yan kallo ne suka guje ta?

Baban Hanifa, Fadaman Mada

Ko kusa, ɗana. Abin da ya fi ci min rai ke nan har yau. Filinsu, Colisée, yana cin mutum dubu 15 da 'yan kai, kuma ko a shekarun da suke shan kashi mutane ba su daina zuwa ba. A kakar 1989 zuwa 1990 wasa 12 kacal suka ci cikin 80, aka doke su sau 61. Duk da haka a sanyin da in ka fito gashin hancinka daskarewa yake, mutane za su yi layi da yaransu.

Tsarin can ba irin namu ba ne. Babu faɗuwa rukuni na biyu. Maimakon haka, a lokacin, wadda ta zo ta kashin baya ita ake ba wa damar fara zaɓe cikin matasan 'yan wasan da suka taso a shekarar. Nordiques ta samu zaɓen farko shekara uku a jere: Mats Sundin a 1989, Owen Nolan a 1990, Eric Lindros a 1991. Wannan na ukun shi duniya take ji da shi a lokacin, sai ya ce shi ba zai buga wa Kwibek ba. Ranar da aka zaɓe shi ko rigar bai yarda ya sa ba, irin wadda ke jikinka. Mutanen garin sun ɗauki abin a matsayin an wulaƙanta su da yarensu, ko da yake shi daga baya ya ce da shugaban ƙungiyar yake da matsala. Shekara guda ana ja-in-ja, a 1992 aka miƙa shi ga Filadelfiya, aka karɓo 'yan wasa shida, da damar zaɓe biyu, da dala miliyan 15. Cikin shidan akwai wani yaro ɗan Suwidin, Peter Forsberg, wanda ya zo ya zama babban gwani.

Daidai nan na iso garin. Ƙungiyar da ta tashi da maki 52 a kakar da ta gabaci zuwana, a kakar farko da na gani ta tashi da 104, ninki biyu cif, Joe Sakic yana kyaftin. Sau biyu dattijon nan ya kai ni kallo, can kujerun sama masu araha. Ban iya bin faifan da ido ba saboda saurinsa, sai in ji fili ya ɗauki ihu sannan in san an ci. Shi kuwa yana riƙe da hannun rigata yana min bayani da Faransancinsu mai nauyi, rabi ina ganewa rabi ina gyaɗa kai.

To me ya kore ta? Kuɗi. Albashin 'yan wasa ya yi ta tashi a farkon shekarun 1990, kuma da dalar Amurka ake biyan da yawa daga ciki, alhali kuɗin ƙofa da dalar Kanada suke shigowa, ita kuma ta karye, ba ta fi kashi uku cikin huɗu na ta Amurka ba. Duk wanda ya taɓa saro kaya da dala ya sayar da naira ya san wannan ciwon. Ga shi Kwibek ita ce gari mafi ƙanƙanta a gasar, babu manyan kamfanoni da yawa da za su zuba kuɗin talla, filin kuma tsoho ne, tun 1949, ba shi da isassun ɗakunan alfarma irin waɗanda attajirai ke kamawa da tsada. Shugaban ƙungiyar, Marcel Aubut, ya nemi gwamnatin lardi ta gina sabon fili ta kuma rufe giɓin asara. Gwamnatin lardin, ƙarƙashin Jacques Parizeau, ba ta yarda da abin da ya nema ba, shi ma bai karɓi abin da ta yi tayi ba. A watan Mayun 1995, kwanaki kaɗan bayan New York Rangers ta fitar da su, aka sayar wa wani kamfanin Amurka, COMSAT, a kan dala miliyan 75. Kuma a wannan kakar su ne suka zo na ɗaya a shiyyar gabas. Aka kwashe 'yan wasa da koci aka kai birnin Denba na jihar Kolorado, aka canza suna zuwa Avalanche.

A watan Yunin 1996, shekara ɗaya tak, suka ɗauki kofin Stanley na zakarun gasar, kofin da Kwibek ta yi shekara 16 tana nema a NHL ba ta ko kai wasan ƙarshe ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A falon dattijon na kalli wasan, dare ya yi nisa sosai kafin a ci ƙwallo ɗaya tilo da ta raba gardama. Da Sakic ya ɗaga kofin sai ya tashi ya kashe talabijin, ya ce min waɗannan yaranmu ne, mu muka yi rainonsu lokacin da ba wanda yake so. Ya shige ɗaki. Ban taɓa ganin namiji mai shekara 70 a irin wannan hali saboda wasa ba.

Ni a ganina gwamnatin ba ta yi laifi ba da ta ƙi ɗaukar kuɗin jama'a ta ba masu ƙungiya, a lokacin ana tsuke bakin aljihu har a asibitoci. Amma kuma ban ga adalci ba a ce mutanen da suka cika fili shekara 23 ba wanda ya tambaye su.

Ɗan Jekadafari

Baba wannan labari ya taɓa ni. Mu namu da yake na gwamnatin jiha ne, ba mai ɗaukar Gombe United ya kai ta Legas. Sai dai namu mutuwar tsaye suke yi in mai ɗaukar nauyi ya janye. Mahaifina har yanzu yana maganar Raccah Rovers ta Kano da ta ci lig a 1978, yau yaro nawa ne ya san sunan? Shin su 'yan Kwibek ɗin ba su sake samun wata ba?

Baban Hanifa, Fadaman Mada

Har yau shiru. Sun gina sabon fili mai cin mutum sama da dubu 18, aka buɗe a 2015, suka nemi a ba su gurbi, aka ba Las Vegas aka ce su jira. Winnipeg da ta rasa tata a 1996 ta samu wata a 2011, wannan ne ya sa ba su fid da rai ba. Ƙungiyar matasan garin ce ke wasa a sabon filin yanzu. Wani abin kuma, ɗan Peter, Paul Stastny, wanda aka haifa a Kwibek, ya girma ya buga wa Avalanche, ya kuma sa lamba 26 ɗin mahaifinsa.

Mai Shayi, kada ka sa mata ruwan zafi in za ka wanke, kuma kada dutsen guga ya hau kan lambar, sauran haruffan za su tashi. In ba damuwa ina so in gan ta da idona.

Mai Shayin Wunti

Ba damuwa ko kaɗan Baba, girmanka ne. Teburina yana nan kafin ka kai ƙofar Wunti, mai koren benci. Gobe in Allah ya kai mu ba zan sa ta wurin wuta ba, zan ninke ta a leda in ajiye maka. Shayinka da madara ne ko baƙi?