Ciwon dajin maƙogwaro da ƙarancin oksijan: wace alama ce abin dogaro?

Ɗalibin Zango:
Salamu alaikum manya. In an ɗebi tsoka daga dajin maƙogwaro ko na harshe nan Damagaram, me za a duba a gane ƙarin ba ya samun oksijan? Kuma me hakan ke faɗi kan makomar mara lafiya?

Dattijon Birni:
Wa'alaikumus salam ƙanena. Oksijan ba ya ratsa tsoka fiye da mikromita 100 zuwa 150 daga jijiyar jini, masana Thomlinson da Gray sun nuna haka tun 1955. Ƙwayoyin da ke can nesa a shaƙe suke, sai an ninka musu hasken gashi (hasken na'ura da ake ƙona ƙari da shi) kusan sau 3 kafin su mutu. Su ne ke tsira, ƙari ya dawo inda yake. A ƙarƙashin madubi, da ruwan rini mai sa musu tabo, ana neman sinadaran da ƙwaya ke tarawa in ta rasa oksijan: HIF-1α a cibiyar ƙwaya, CAIX da GLUT-1 a fatarta. In sun yi yawa, makoma takan yi muni.

Hajiyar Labo:
Malam ya faɗi daidai, amma tun ɗakin tiyata aikin ke ɓaci. HIF-1α na narkewa cikin minti 5 da ya sha iska. In tsoka ta zauna kan faranti ana neman kwalba, tabon zai fito fari fat, a ce lafiya lau. A jefa ta nan take cikin formol (ruwan da ke hana tsoka ruɓewa) mai kashi 10, ruwan ya ninka ta sau 10, kaurinta kar ya wuce milimita 5, ta yi awa 6 zuwa 72. In Yamai za a tura ta, hanyar kusan kilomita 900 ce. Kwalbar da ta yi mako a tasha cikin zafin bazara, tabonta ya dushe. CAIX ya fi juriya, ya kan yi zobe kewaye da inda tsoka ta mutu. Sai dai ɗan guntun gefe ba ya ba da labarin tsakiyar ƙari.

Dattijon Birni:
Haka ne Hajiya, shi ya sa ban yarda a canza magani kan tabo ɗaya ba. A Danmak, gwajin DAHANCA 5 da aka wallafa a 1998 ya haɗa gashi da nimorazol, maganin da ke sa ƙwayoyin da suka shaƙe su ji hasken: waɗanda ƙarin bai dawo musu a wuya ba sun kai kashi 49, maimakon 33 a waɗanda ba su sha shi ba. Gwajin NIMRAD na Ingila kuwa bai ga wannan amfani ba. Kafin a tura mutum Yamai gashi, ka auna jininsa, ka raba shi da taba, don hayaƙinta na ƙwace wa oksijan gurbi a jini. Kar dai ka ba shi allurar EPO mai ƙara jini: jini ya hau, ƙarin kuma ya ƙara ƙarfi.